Bagudu da Tsutsa Mai Gaisuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Gwaggona Tasalla ce ta ba ni ita muna ɓarar wake. Ku matso. Kai kuma cire yatsa daga hanci.

Wani manomi ne, Bagudu. Abu biyu yake so a duniya: ɗanwake, da a gaishe shi. Sai ya shuka wake. Matarsa Kulu ta ce, "Ka kula da shi. In babu wake bana, babu ɗanwake."

Wake ya yi fure. Sai Tsutsa ta leƙo ta rusuna. "Ranka ya daɗe! Ina kwana? Ya iyali? Ya hular nan taka?"

Bagudu ya kumbura. "Kai, yarinyar nan da tarbiyya!"

Tsutsa ta ce, "Ai ni kaɗai ce. Dubi Kwaɗo can, ko sannu."

Sai Bagudu ya je ya tsaya a kan Kwaɗo. "Ba ka iya gaisuwa ba?" Kwaɗo ya zaro ido, kumatu dam, shiru. Sai ya kore shi.

Washegari Tsutsa ta zo da ƙannenta, suka gaishe shi a jere. Ta nuna Gizo-gizo. Shi ma baki dam, shiru. Sai Bagudu ya share saƙarsa da tsintsiya.

Sai ga Zanzaro ya wuce da abu a baki, zzzz.

"Ni kake wa tsaki?" Sai Bagudu ya rushe masa ɗaki.

Lokacin girbi ya yi. Bagudu ya ɓare kwanso, babu ƙwaya, sai Tsutsa ta yi ɓul-ɓul. "Sannu da zuwa!" Ya ɓare wani. "Ya hanya?" Gona guda, sai gaisuwa.

Da dare Kulu ta dire masa kwano, yaji kaɗai a ciki. "Ci da sannun da ka girbo."

Sai ya nemi Kwaɗo a bakin rafi. "Don Allah, me ya hana ka gaishe ni?"

"Da tsutsa cike da baki? Dukanmu aikinka muke yi, sakarai."

Bagudu ya cire hula ya durƙusa. Sai da ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya suka yarda suka koma.

Ƙurunƙus kan kusu! Wanda ke tsare maka abinci, ko bai ce sannu ba, ka bar shi ya yi aikinsa.

Ni dai da Gwaggo ta ba ni ita, washegari da safe gonarmu na tafi, na durƙusa na gaida kwaɗo. Bai amsa ba. Na ce madalla.