Turke Na Biyu

Yaya Lantana, ga labarin nan da kika fara mini muna ɓarar gyaɗa, ciwo ya hana ki ƙarasawa. Karatuna bai kai naki ba, inda na ruɗe ki yi haƙuri.

A zamanin da an yi wani sarki, Jatau, mai son a ce komai na ƙasarsa bisa tsari yake, har sama. Ya sa aka jera fararen duwatsu da'ira a filin fada, aka ajiye kaskon wuta a tsakiya a madadin rana. Kullum ana matsar da wata jar ƙwarya taki ɗaya, wai ita ce jan tauraron nan, Mirrihu. Masanin taurarin fada, Malam Dikko, shi ke kula da aikin.

Sai tauraro ya ƙi bin ƙwarya. Wani lokaci ya riga ta, wani lokaci ya yi ta jan ƙafa a baya. Ranar da Sarki ya yi wa baƙi alkawarin za su gan shi saitin hasumiya, tuni ya wuce. Baƙi suka koma gida suna dariya.

Sarki ya ce, "Ko sama ta yi ƙarya, ko Malam. Sama kuwa ba ta ƙarya. In kasuwa ta zagayo bai fito da hanyar tauraron nan ba, a cire masa idanun da ba su amfane ni ba."

Waziri Nagoma ya iske Malam a zaurensa ya kasa cin tuwo. Malam ya ce, "Na fa san hanyar, Waziri, sai dai ba da'ira ba ce, kamar ƙwai take. Sarki da bakinsa ya ce da'ira. In na ƙaryata shi gaban fadawa, kaina zan rasa, ba ido ba."

Waziri ya ce, "To, kada bakinka ya faɗa. Hannun Sarki zai faɗa."

Ranar kasuwa, da hantsi, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, hanyar sama ta fi ƙarfin hannun talaka." Ya kafa turke biyu da tazara, ya ƙulla bakin igiya ya zarga musu, ya roƙi Sarki ya sa sandarsa ciki, ya ja igiyar ta miƙe, ya zagaya.

Sarki ya zagaya, sanda tana zane a ƙasa, fadawa suna "Sannu, Zaki." Da ya dawo inda ya fara sai aka rasa wanda zai fara yabo.

Sarkin dogarai ya yi raɗa, "Ƙwai nake gani, ko idona ne?"

Na kusa da shi ya ce, "Rufe mana baki, kai komai abinci ne."

Sarki ya ce, "Waziri, na karkace?"

"Igiya ba ta saki ba, ranka ya daɗe, hannu bai yi rawa ba."

Malam ya jawo kaskon wuta zuwa gindin turke ɗaya. Ya ce, "Rana a nan take. In tauraro ya matso kusa da ita sai ya yi sauri, in ya yi nisa sai ya rage."

Sarki ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "A turke na biyu fa, me ke nan?"

Nan kika tsaya, Yaya. Sauran nawa ne.

Malam ya ce, "Babu komai."

"Babu komai, kuma hanya ta lanƙwashe masa?"

"Haka na gani, ranka ya daɗe. Dalili kam ban sani ba."

Sarki ya sa aka tuge turken. Igiya ta zube, aka sake zagayawa, sai ga tsohuwar da'irar da tauraro ya ƙi. Ya ce a mayar. Aka ɗaga hukunci, aka bi da ƙwarya ta sabuwar hanya, ita da tauraro suka daina saɓani. Sarki ya bar wa Malam idanunsa, ya ƙara masa riga, ya hana kowa taɓa turken.

Ban sani ba ko haka kika so ya ƙare. Amma jiya na ga Inna ɗauke da ruwa daga rijiya, ta zo gindin darbejiya inda kika saba shimfiɗa tabarma, sai ta kewaye wurin, alhali yanzu babu komai a can. Baba ma haka yake yi. Na duba sawuna a ƙasa, ni ma haka. Ban gaya wa kowa ba tukuna.