Alam a Tekun Muttaka

A Talata Mafara, can ta hanyar Bakura, akwai wani mutum mai suna Muttaka, wanda mutanen unguwa ke kira Mai Teku. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, sai dai yana da hali guda da ya yi masa katutu: abin da idonsa bai gani ba, to a wurinsa babu shi. Ko likita ya ce masa jininsa ya hau, sai ya juya hannunsa ya duba, ya ce shi dai bai ga inda ya hau ba.

Sunan Mai Teku kuwa ba tsokana ba ce kawai. Muttaka ya yi shekara goma sha ɗaya a Jidda yana aiki a gidan wani Balarabe, kuma aikinsa shi ne kula da wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, wanda ake kiwon murjani mai rai a ciki. Da ya dawo gida sai kewar abin ta hana shi sakat. Ya ware ɗaki guda, ya sa sola a rufi, ya kafa nasa akwatin mai tsawon tabarmar salla. Gishirin teku daga Legas ake aiko masa, ruwa kuma daga wani gidan ruwan leda da injinsa ke tace komai tas. Daga Legas ɗin kuma ya samo ɗan reshen murjani ja, bai wuce kan ɗan yatsa ba.

Shekara shida yana renon abin nan. Reshe ya fitar da reshe, har ya zama 'yar bishiya mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ja wur a kan farin yashi. Bayan sallar la'asar Muttaka kan rufe ƙofa, ya zauna gaban gilashin. Shuɗin haske na sauka a hankali, dubban 'yan bakuna na buɗewa a jikin rassan suna lilo da ruwa, kifaye biyu masu ruwan lemo suna shawagi kamar ba su da inda za su. A nan sai ya manta da zafin gari da kukan babura. Sai ya ji kamar shi ma yana can ƙasan ruwa, ba nauyi, ba gaggawa, yana tafiya tsakanin itatuwan da iska ba ta taɓa kaɗawa ba. Sau da yawa kiran magariba ne ke dawo da shi Mafara.

Ba don kansa kaɗai yake wannan reno ba. Mahaifiyarsa, Inna Taibatu, tana zaune a Janbako, kuma tun tana yarinya ta ji tsofaffi na cewa murjanin da mata ke ratayawa a wuya itace ne da ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Ta rayu tana son ta ga wannan itace da ransa. Amma yanar ido ta rufe mata gani, har ya zama launi mai ƙarfi da babban abu kawai take iya rarrabewa. Ranar da ya ba ta labarin ɗan reshen, ta yi dariya ta ce, "Bar shi shi girma tukuna. In ya kai inda idona ka iya kama shi, sai ka zo ka ɗauke ni."

To, ruwan irin wannan akwati ba a gane lafiyarsa da kallo. Akwai 'yan sinadarai a cikinsa, wasu murjani na bukatar su kaɗan, wasu kuwa kaɗan ɗin ma guba ne. Don haka duk wata uku ake ɗibar ruwa a 'yar kwalba a aika wani ɗakin gwaji a Abuja, su auna, su turo sakamako ta waya. Ƙanwarsa Zuhura, wadda ke koyar da kimiyya a Kaya, ita ke tilasta masa aikawa, ita kuma ke karanta masa. Shi kam gogan naka yana yi ne don kada ta dame shi. Kullum cewa yake, "Na'urar da ba ta taɓa ganin tekuna ba, ita za ta gaya mini halinsa?"

Da daminar bana ta kankama, injin gidan ruwan ledan ya lalace, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano. Akwai wani gidan a Gusau, amma Muttaka ya ga tafiyar ta yi masa nisa. Sai ya sa aka ɗebo masa ruwan madatsar Bakolori a jarkoki, jajir da laka. Ya yi abin da kowace uwar gida ke yi a ƙasar nan: ya jefa alam, farin dutsen nan mai kwantar da laka. Kafin a jima ruwa ya yi garau. Ya dama gishirinsa, ya zuba wa murjani, ya koma gefe yana yaba wa kansa.

Haka ya yi ta yi har mako biyar. A tsakiyar haka lokacin gwaji ya zo, aka aika kwalba. Ranar wata Asabar da hantsi sai ga Zuhura a kan babur, gefen zanenta duk taɓo. Bayan sun gaisa, an tambayi Inna da yara da ruwan sama, ta fito da waya mai ɗauke da sakamakon gwajin.

"Yaya, mi kaka zuba ma ruwan ga?"

"Gishiri da ruwa, kamar kullum. Mi anka yi?"

"Sun ce alminiyam ya yi yawa ƙwarai, ƙarhen ga da aka tukwane da shi. Sun ja mishi jan layi. Kuma ruwan ya hwara tsami. Yaya, don Allah gaya min gaskiya, alam kaka sawa?"

Muttaka ya ƙyalƙyale da dariya har da tafa hannu. "To sai mi? Alam da munka sha tun muna goye? Ke da shi anka raine ki, ga ki nan har kin zama malama!"

"Mu mutane ne, cikinmu na iya ɗauka. Wanga abu hwatarshi ko ta albasa ta hi ta kauri, kuma cikin ruwan shika kwana shi tashi. Ka tahi Gusau ka ɗauko ruwa mai kyau, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Har yanzu da sauran dama."

Ya kama hannun rigarta ya kai ta gaban gilashi. "Duba nan da idonki. Kin taɓa ganin ruwa mai kyau kamar wanga? Ina ƙarhen? Nuna min shi."

Zuhura ta duba. Ita ta lura 'yan bakunan nan ba su buɗe sosai ba, ta kuma faɗa masa. Ya ce barci suke yi. Ta yi magiya, ta yi fushi, har ta ce za ta biya motar Gusau da kanta. Ya ce ba mota ce ta gagare shi ba, shi dai ba za a mayar da shi yaro a kan abin da ya shekara goma sha bakwai yana yi ba. Ta hau babur ta koma Kaya ranta a ɓace.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Janbako. Likita ya duba Inna, ya ce ba yanar kaɗai ba ce, jijiyar idon ma tana mutuwa, kuma abin na sauri. Inna ta ce a gaya wa Mai Teku ta fasa jira. Ranar Juma'a, in hanya ta tsane, a zo a ɗauke ta.

Murna ta kama Muttaka. Ranar Talata ya tsaya gaban akwatin, sai ya ga kamar ruwan ya ɗan yi hazo. Ya ce a ransa, idon Inna ba shi da ƙarfi, dole ruwan nan ya zama kamar babu shi. Kai jama'a, taurin kai bai yi ba! Maimakon jarka, wannan karon a cikin akwatin kansa ya marmasa alam, ya ƙara da wani dunƙule don ya tabbata. Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, sannan ya fara washewa.

Ranar Laraba murjani bai buɗe baki ko ɗaya ba. Ranar Alhamis da safe jan ya fara saɓulewa daga rassan, yana tashi cikin ruwa siriri-siriri kamar zare. Muttaka ya tsaya yana kallo, abin har da kyau, sai ka ce mafarki. Sai da ya ga farin ƙashi ya bayyana a ƙasa sannan ya gane abin ya ɓaci. Ya ɗauki shatar mota zuwa Gusau a guje, ya dawo da ruwa bayan la'asar, ya canza rabi. Ina! Aikin gama ya gama.

Ranar Juma'a hanya ta tsane. Zuhura ce ta taho da Inna, ta riƙo hannunta har cikin ɗakin. Tsohuwa ta ci ado da sabon zane kamar mai zuwa biki. Ruwan kuwa bai taɓa yin garau irin na ranar ba. A tsakiyarsa bishiyar na tsaye, fara fat, a kan farin yashi.

Inna ta matsa har goshinta ya taɓa gilashi. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta daɗe a haka tana murmushi, tana jira.

"Na ga wasu abu biyu masu ruwan lemo suna wucewa," in ji ta. "To ina itacen? Ina jan da kac ce?"

Zuhura ta juya fuska ga bango.

"Inna, ga shi nan gabanki," in ji Muttaka da ƙyar. "Ya mutu. Ni na kashe shi. An gaya min, ban ji ba."

Tsohuwa ta miƙa hannu. Ta lalubo kansa, ta dafa, kamar yadda take yi masa yana yaro. "Ba komi, ɗan nan. Allah ya sa haka ta hi alheri. Ka sake dasa wani, in ya girma ka kira ni."

Wannan haƙuri nata ya fi masa zafi a kan zagi, ya durƙusa ya yi kuka kamar ba magidanci ba. Ya sake dasawa kuwa, da ruwan Gusau, kuma shi da kansa yake kai kwalba tasha yanzu. Amma murjani shekaru yake so, idon Inna kuwa bai kai kaka ba. Kafin a yanke gero ta daina rarrabe rana da inuwa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ido yana da iyaka, kuma ba duk abin da ya yi kyau a kallo ne yake da lafiya ba. Idan masu ilmin abu suka auna suka gaya maka abin da ba ka gani, kada girman kai ya sa ka ce babu shi. Abin da ya saba yi maka amfani a wani wuri yana iya zama guba a wani wurin. Ka karɓi gyara tun yana da amfani, ko daga na ƙasa da kai ya fito, domin wani lokaci ba kai kaɗai ne za ka ɗanɗani sakamakon taurin kanka ba, har da wanda ka fi ƙauna.