Gaɓar da Babu Tuta

Waisale Ravouvou ɗan tsibirin Kadavu ne. A cikinmu 'yan Fiji da muka zo karatu birnin Wollongong babu wanda ya kai shi fara'a da son mutane. Aibinsa guda ne: ba a gaya masa komai a kan teku. Yakan ce tun bai iya tafiya ba kakansa ya jefa shi ruwa daga kwalekwale, don haka mai son koya masa ruwa ya makara.

Mu uku muke haya a gida ɗaya: ni, shi, da Prajwol Gurung, ɗan Nepal mai koyon aikin jinya. Prajwol bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin da ya kawo shi. Shiru-shiru ne, amma shi da Waisale sun zama tamkar Hassan da Usaini. Waisale yana kiransa Akuyar Dutse, shi kuma ya kira shi Kifi.

Waisale yana da wata tsohuwar mota, kuma duk Asabar da ita muke fita buɗe ido. Prajwol ya dafa momo, ƙullin fulawa mai nama a ciki irin na garinsu, ya cika roba, ni na dafa rogo. Ranar da muka je duwatsun Blue Mountains, Prajwol ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya cikin ladabi yaushe za mu isa duwatsun, don a garinsu wannan shuri ake ce masa. Waisale ya rama a Kiama, inda ruwa ya yi tsiri daga ramin dutse, Prajwol ya ruga har ya bar takalmi ɗaya.

Asabar ɗin da ta biyo bayan jarrabawar Nuwamba muka nufi kudu. Rana ta yi zafi. Gaɓar da muka yi niyya ta cika maƙil, masu ceto sun kafa tutocinsu masu ja da rawaya, mutane na wanka a tsakaninsu. Muka zaga sau biyu ba mu sami wurin ajiye mota ba. Waisale ya ja tsaki, ya ce shi ba zai yi wanka a kwano ɗaya da mutum dubu ba. Ya ci gaba da tuƙi, ya bi wata hanyar burji, har muka ɓulla wata gaɓa mai farin yashi. Babu tuta, babu kowa sai mutum ɗaya can nesa yana wasan sulu da allo a kan igiyar ruwa.

Muna cire riguna wata dattijuwa mai yawo da kare ta tsaya. Ta tambaya ko shiga za mu yi. Ta nuna mana wani wuri tsakanin igiyoyi inda ruwan ya yi duhu ya lafa, ta ce nan ne ruwa ke komawa teku, kuma yana tafiya da duk abin da ya samu. Ta ce mu koma inda tutoci suke, tafiyar minti goma ce.

Waisale ya yi mata murmushi. "Mama, mun gode. Amma ni a ruwa aka haife ni."

"Ba a wannan ba, ɗana," in ji ta.

Da ta matsa, ya kwaikwayi muryarta har muka yi dariya. Ni na san tekun gida duwatsun murjani sun yi masa katanga, wannan kuwa babu abin da ya tare shi. Na sani, amma ban buɗe baki ba, don kada a ce na ji tsoro.

Prajwol ya ce shi zai zauna ya tsare abinci. Waisale ya kama hannunsa.

"Haba Akuya, shekara guda kana kallon ruwa kamar suruki? Iya ƙugu kawai. Ina riƙe da kai."

Ya kai shi daidai wurin da matar ta nuna, wai nan ne babu igiya, ya fi dacewa da ɗan koyo. Ina daga bakin yashi ina ɗaukarsu hoto. Prajwol yana dariya, ruwa iya cibiya. Sai na ga ruwan ya kai masa ƙirji ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Kafin in sauke wayar sun yi nisan da ba na jin muryarsu.

Waisale bai sake shi ba, wannan shaida zan ba shi har abada. Amma Prajwol ya firgita ya ƙanƙame wuyansa, suka nutse tare, suka taso. Waisale ya dinga dukan ruwa yana neman gaɓa kai tsaye, ruwan na mayar da su baya, har hannuwansa suka mutu. Mai allon nan ne ya fito da Waisale, amma ruwa ya riga ya ƙwace Prajwol.

Ashe dattijuwar ba ta tafi ba. Tana tsaye kan tudu, ita ce ta kira masu ceto. Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta zagaye har rana ta faɗi. Sai a kwana na uku aka sami Prajwol.

Mahaifinsa ya zo daga Lamjung, can Nepal, wani ɗan siririn tsoho, tsohon malamin makaranta. Waisale ya nemi saiwar yaqona, itacen da muke miƙawa don neman gafara, kamar yadda muke yi a gida idan mutum ya yi laifin da baki ba zai iya gyarawa ba. Na raka shi gidan 'yan Nepal da aka sauke tsohon. Waisale ya zauna a ƙasa, ya ajiye saiwar a gaban tsohon, ya sunkuyar da kai. Bai ɓoye komai ba. Ya faɗi maganar dattijuwar, ya faɗi dariyar da ya yi mata. Wata ɗaliba tana fassarawa tana kuka.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Uwarsa ta hana shi zuwa kusa da teku. Ni na ce ta ƙyale shi, domin ya gaya mana yana da aboki wanda ya san ruwa. Yanzu me zan je in ce mata?"

Bai ɗauki saiwar ba, bai kuma ture ta ba. Haka muka tashi muka bar ta a wurin.

Waisale bai ƙarasa karatunsa ba, saura shekara ɗaya ya zama injiniya. Ya koma Kadavu. Ƙanwarsa ta gaya mini yana noman gwaza a kan tudu, kuma idan maza suka fita kamun kifi shi yakan kama hanyar gona. Na rubuta masa sau huɗu, bai amsa ba.

Ya kai mai karatu, girman kai rawanin tsiya ne. Iyawarka a garinku ba ta sa ka san garin wasu, kuma baƙo ko da idonsa ya kai na mujiya, ɗan gari ya fi shi gani. Idan aka gargaɗe ka, tsaya ka ji, musamman idan akwai wanda ya dogara da kai. Ana cewa ruwa gwani yake ci, amma wani lokaci yakan bar gwanin ya ɗauki wanda ya yarda da shi. Kai kuma da ka ga kuskure ka yi shiru don kunya, ka sani kana da naka kason. Ni ina ɗauke da nawa har yau.