Kyallu da Tudun Yashi Mai Tafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso, ku naɗe ƙafafu. Wannan ba ta dariya ba ce.

Wani gari ne a bakin tafki. Bayan garin akwai kurmi, bayan kurmin akwai tudun yashi, ƙato, fari fat. Tudun nan yana da rai, kuma tafiya yake yi. Tun zamanin kakannin kakanni ya haɗiye garin farko, da rumbuna da rijiyoyi. Waɗanda suka tsira su suka dasa goriba da aduwa da bagaruwa a gabansa. Saiwoyi suka nutsa, suka ɗaure masa ƙafafu, ya zauna. Sai aka kafa doka: gatari ba ya shiga kurmi. Abin da ya faɗi, kowa ya ɗauka. Abin da ke tsaye, a bar shi tsaye.

Akwai wani masunci, Anaruwa, da 'yarsa Kyallu. Wata shekara kifi ya yi yawa, tarwaɗa da karfasa har jirgi na rinjaya. Ga kifi, babu itacen banda. Kifi ya fara wari.

Anaruwa bai ɗauki gatari ba. Ƙoƙo ya ɗauka. Ya shiga kurmi, ya yi ta kwashe yashi daga gindin wata aduwa, ya yi ta kwashewa, har saiwoyinta suka fito tsirara. Iska ta taso, aduwa ta zube, rim!

Kyallu ta ce, "Baba, ai an hana."

Ya ce, "Kin ga gatari a hannuna?"

"A'a."

"To faɗuwa ta yi. Ja wancan reshen, ki rufe mini baki."

Rana tsaka, babu iska, babu tsuntsun da ya yi kuka, sai Kyallu ta ji waƙa daga bayan kurmi:

"Shuu, shuu, ƙafa ɗaya ta kwance,
Shuu, shuu, wa zan gode wa?"

Kafin la'asar gonar waken maƙwabta ta ɓace. Yashi kawai.

Kyallu ta ce, "Baba, tudu ya motsa."

Ya ce, "Idonki ne ya motsa."

Ya koma da ƙoƙonsa, ya kayar da bagaruwa.

"Shuu, shuu, ƙafa biyu sun kwance,
Shuu, shuu, wa zan gode wa?"

Hanyar mashaya ta ɓace. Balbelu da dinyoyi suka tashi gaba ɗaya, suka bar tafkin.

Kyallu ta riƙe masa riga tana kuka. Ya fizge. Ya je gindin tsohuwar goriba, wadda ta girmi kowa a garin, ya yi ta kwasa. Goriba ta yi nishi, ta faɗi.

Wannan karon babu waƙa. Tudu ya miƙe tsaye, ya tare rana.

Anaruwa ya yar da ƙoƙo, ya ruga. Saiwar da ya tone da hannunsa ita ta harɗe shi, ya kifa. Kafin ya yunƙura, yashi ya kama shi zuwa gwiwa.

Kyallu ta ce, "Don Allah saki babana!"

Tudu ya ce, "Dokarku ce, yarinya, ba tawa ba. Abin da ya faɗi, kowa ya ɗauka. Ya faɗi, na ɗauka."

Kyallu ta tsaya kan ƙafafunta da kyau, don ta gane in ta faɗi ita ma ta tafi. Ta ce, "Duk abin da ya faɗi kake ɗauka?"

"Duk."

"Ba ka zaɓe?"

"Ba na zaɓe, ba na mayarwa."

Ta juya da gudu wajen kurege. Kurege ya ce, "A'a, 'yar mai ƙoƙo ce? Ubanki ya kayar mini da ɗaki, ke kuma me kika zo kayarwa?" Ta ce, "Ƙwallayen goribar da ka ɓoye nake roƙo. In tudu ya wuce mu, raminka ne a gaba." Kurege ya yi tsaki, ya ba ta.

Ta dawo da su a bakin zane. Yashi ya kai ƙugun Anaruwa. Ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ƙwallaye suka zube. Tudu ya ce, "Sun faɗi!" Ya haɗiye.

Ta ruga garken awaki. Tsohuwar akuya ta ce, "Ba mu da komai sai kashi." Kyallu ta ce, "Shi nake so, akwai 'ya'yan bagaruwa da kuka ci a ciki." Ta kwaso. Yashi ya kai ƙirjin Anaruwa, numfashi na yi masa wuya. Ta sake tuntuɓen ƙarya. "Sun faɗi!" Ya haɗiye, kashi da komai.

Ta ruga tafki da tulu. Tafki ya ce, "Ɗebi da yawa, 'yata. Bayan ubanki, ni tudu zai sha."

Ta dawo tana haki. Yashi ya kai wuyan Anaruwa, ya ɗaga haɓa sama, ba ya iya ko kiran sunanta. Tulu ya yi nauyi, ƙafafunta na nutsewa, gwiwarta ta lanƙwashe da gaske. Saura kaɗan! Ta dafe, ta saki tulun, ya fashe.

"Ya faɗi!" Tudu ya shanye.

Sai cikinsa ya fara murɗa. Goriba ta tsiro masa a ciki, bagaruwa ta tsiro masa a haƙarƙari. Saiwoyi suka bi ƙafafunsa, suka naɗe, suka naɗe, suka ɗaure tamau. Tudu ya yi ƙara har ruwan tafki ya girgiza, ya durƙusa. Yashi ya saki. Kyallu ta kama ubanta ta hammata, ta ja shi waje.

Ya rayu. Amma ƙafafun nan ba su sake ɗaukarsa ba sai da sanda, kuma gonar waken mutane har yau tana ƙasa.

Ku ji ni da kyau. In manya suka hana abu, kada ku zauna neman ta inda maganarsu ta bar ƙofa. Ku tambayi abin da suke tsoro.

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɗan kusu, ya shige rami da ita. Ku tashi ku kakkaɓe tabarma.