Harshen Tsoho Damo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko sai na roƙe ku?

Dabbobi ne suke da marina, shugabansu Tsoho Damo. Shi kaɗai ya san lokacin da rini ya nuna. Sai ya tsoma harshe ya ɗanɗana, ya ce a ƙara toka ko a bari. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ya ce zai tara ma'aikata ya koya wa kowa.

Kurege ya ji, hankalinsa ya tashi, don mai sirri ake kai wa ƙosai da safe. Ya je ya durƙusa.

"Baba, in kowa ya iya, wa zai ƙara gaishe ka? Koya mini, ni zan raba musu."

Allah sarki, tsoho ya yarda. Kullum ya ce, "Ɗanɗana, ɗana." Kullum Kurege ya ce, "Na ɗanɗana, Baba." Ashe wannan yatsa yake tsomawa ya lashi wancan, kada ɗaci ya ɓata masa daɗin gyaɗa. Tsoho kuwa ido ya yi rauni.

Bushiya mai wankin zane ta ce, "Kurege, mu riƙa ɗanɗanawa tare mana."

Ya ce, "Gobe."

Ana gobe, ana gobe, Damo ya rasu. Aka naɗa Kurege. Ya haɗa rini, zannuwa suka fito fari ba fari ba, shuɗi ba shuɗi ba. Masu kaya suka taso da sanduna. Kurege ya fashe da kuka.

"Haba jama'a! Sabon yayi ne, sunansa Makokin Damo."

Suka karɓa suna hawaye, ya sha da ƙyar. Amma makoki ba ya shekara. Masu kaya suka koma wani gari, ma'aikata suka watse da 'ya'yansu cikin yunwa. Bushiya ce ta ƙarshe. Ta tsoma harshe a ramin rini, ta ce:

"Na ji ɗacin, Kurege, amma ban san me yake nufi ba. Me Baba yake cewa?"

Kurege ya buɗe baki, babu komai a ciki. Wallahi ni ma nan wurin yana ba ni tausayi. Har yau in kun gan shi tsaye a kan ƙafa biyu yana leƙen hanya, mai kawo rini yake jira, ba mai zuwa.

Ƙurunƙus! Ku dai guji koyon abu mai ɗaci. Ga Kurege nan, ya rasa komai, amma bakinsa garau.