Sunan da za a rubuta a jirgin Gado

Ku gyara zama ku saurara, don in na kai ƙarshe ku ne alƙalan.

A bakin kogin Yauri akwai wani masunci da ake kira Gado. Wata safiya dorina ta kifar masa da jirgi, ta murƙushe masa ƙafar hagu. A babban asibitin birni aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ciwo ya warke, amma Gado bai warke ba. Yini yake yi fuskarsa na duban taga. In aka yi ruwan sama ya shaƙi ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya ture kwanon abinci. Kewar kogi ke cinsa: sanyin ruwa a tafin hannu, nauyin taru in ya cika, hayaniyar mata masu jiran kifi a gaɓa.

A asibitin akwai wata malama, Dakta Kulu, wadda ta gaji da ganin kowane sashe na koyar da ɗalibansa shi kaɗai. Sai ta ɗauko ɗalibai uku daga sassa uku, ta damƙa musu Gado, ta ce, "Tare za ku shiga wurinsa, tare za ku fito. Kowa ya ga aikin ɗan'uwansa."

Murjanatu tana koyon lallashin zuciyar wanda nakasa ta sama. Ita ta zauna kusa da shi yau da gobe, yana ƙin ko kallon ƙafar robar da aka kawo masa. Ran nan ta ce, "Baba, ina kake son ƙafar nan ta kai ka?"

Sai ya ce, "'Yata, ni ba tafiya nake nema ba. In tsaya cikin jirgi in jefa taru, shi ke nan."

Ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakinsa kafin ta tambaye shi.

Lawwali yana koyon ƙera ƙafa. Da ya ji abin da Gado ke so, sai ya ajiye ta farkon, wadda aka yi don takun siminti, ya soma wata. Ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, ya yi mata tafi mai kama jiƙaƙƙen katako, ya yi ta gyaran bakinta har ta daina gurje dungulmin.

Shafa'atu tana koyon motsa gaɓoɓi. Ta ga cinyar ta shanye saboda kwanciya, ta tayar da ita da atisaye. Daga baya ta ɗora katako a kan tayar mota, ta tsayar da Gado a kai tana girgiza shi kamar igiyar ruwa. Ya faɗi ba iyaka. Duk faɗuwa kafaɗarta ce ke tare shi.

Da kaka ta yi, Gado ya koma gida. 'Yan'uwansa suka sassaƙa masa sabon jirgi. Ya shiga, ya miƙe tsaye, ƙafar ta riƙe, cinyar ta ɗauka. Ya jefa taru ya buɗe a kan ruwa, ya tsaya yana kallonsa yana nutsewa, hawaye na bin gemunsa.

Da ya fito gaɓa, mai fenti na jiransa. Ya ce, "Gado, goshin jirgin nan suna ɗaya zai ɗauka. Na wa zan rubuta?"

Gado ya dubi goshin jirgin. Ba don Murjanatu ba, da ba a san abin da yake so ba. Ba don Lawwali ba, da ba abin takawa. Ba don Shafa'atu ba, da igiyar farko ta watsa shi cikin kogi.

Fenti na bushewa a buroshi. To, jama'a, sunan wa ya cancanci hawa goshin jirgin Gado?