Garma a Hannun Alhaji Sadisu

Akwai wani ɗan kasuwa a Lafia, Alhaji Sadisu, shi ne ciyaman ɗin ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Bukan Sidi. Ƙaramar ƙungiya ce, rabi yaran gari, rabi samarin Tibi manoman doya daga wajen Obi. Amma sai ga shi sun cinye duk wasanninsu na jiha, suka samu gurbi a gasar kofin ƙasa.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce kada a shiga, manyan ƙungiyoyi za su yi mana wankin babban bargo a gaban jama'a. Koci Kalilu ya ce a shiga da yaran da suka kawo su nan, ko da za a ci su goma.

Alhaji kuwa ya ce a shiga, amma ba da 'yan ƙauye ba.

"Koci, waɗannan masu kaushin za ka jera a gaban kyamara? Allah ya kiyaye!"

Ya sallami mutum shida har da gola Torkuma, wanda ya tare fanareti biyu a wasan ƙarshe. Ya riƙe katunansu na rajista, ya ɗauko 'yan wasan haya daga wani gari ya raba musu katunan. Ai haka ake yi a gasar unguwa, ka sa riga, a kira sunan wani ka amsa, shi ke nan.

To ranar wasa da hantsi jami'in gasa ya zo tantancewa. Ya dubi kati, ya dubi fuska. Ya ce da wani dogo, "Kai ne Torkuma? Faɗi sunan mahaifinka." Dogo ya tsaya yana sosa ƙeya.

Duka shidan aka fitar. Waɗansu yaran gari kuma tuni sun yi fushi sun daina zuwa, saura mutum biyar kacal masu katin gaskiya. Jami'i ya ce in ƙarfe huɗu ta yi babu aƙalla mutum bakwai a fili, an cire ƙungiyar, kuma shekara biyu ba za ta sake buga gasar ba.

Jama'a, ku zo ku ga Alhaji! Zufa ta jiƙa babbar riga. Ya kira wayar Torkuma ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Ya ja Koci suka faɗa mota sai Obi. Inda hanya ta ƙare suka taka da ƙafa.

Suka tarar da shidan da ya sallama a gona ɗaya, ana gayyar kunyar doya ta Mama Ngunan, mahaifiyar Torkuma. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi.

Alhaji ya zube gwiwa biyu cikin taɓo. "Torkuma, ɗana, ka rufa mini asiri. Na yi kuskure. Wallahi in aka kore mu ba zan iya shiga kasuwa ba."

Torkuma ya jingina da garmarsa. Ransa a ɓace yake, amma bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, ni na yafe. Amma yau gayya ne. Mutane sun bar gonan su sun zo ma Mama. In mun gudu mun bar su, gobe ba wanda zai taka gonan mu. Sai mun gama."

Saura layi tara. Alhaji ya dubi agogo, biyu saura. Mutumin da ko buhu bai taɓa ɗauka a shagonsa ba ya tuɓe riga ya karɓi garma. Kunya uku ya yi tafin hannunsa ya fashe. Bai tsaya ba, yana sara yana haki yana "Ku taimake ni, ku taimake ni." Har Mama Ngunan ta ji tausayinsa ta kawo masa ruwa a ƙwarya.

Uku da rabi aka gama. Suka cusu a mota da taɓo a ƙafafunsu. Koci na tuƙi, Alhaji na salati.

Suna isa ƙofar filin wasa suka ga mutane na fitowa. Alƙalin wasa ya jira minti goma sha biyar, ya busa, ya tashi. Motar ƙungiyar baƙi har ta tayar.

Alhaji ya bi jami'in yana roƙo, yana nuna masa hannuwansa. Jami'i ya ce ya riga ya sa hannu a takarda.

Torkuma ya tsaya yana kallon filin da bai samu ya taka ba, hawaye na zubo masa. Wallahi shi ya fi ba ni tausayi.

"Alhaji," ya ce, "da ka bar mu, tun jiya muna Lafia."

Darasi: Kada ka raina waɗanda suka sha wahala suka kai ka matsayi. Ranar da za ka koma nemansu, ko sun yafe maka, lokaci ba lallai ya jira ka ba. Ku tura wa shugabannin ƙungiyoyin unguwanninku da duk mai riƙe da jama'a, ko wani zai gyara tun da wuri.